Waƙa ce ta sa wa 'yata ciwo, ko aljani ne ya biyo kiɗan?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mun baro Wad Madani a Disambar 2023 da yaƙi ya iso garin, yanzu muna zaune wurin dangi a Gadarif. 'Yata mai shekara 19, wadda karatunta na jami'a ya tsaya, ta kama wata waƙar rabuwa guda ɗaya tana ta maimaita ta a waya dare da rana, wani lokaci tana kuka. Wata uku ke nan abinci sai an matsa mata, barci ya ƙaurace mata, kuma ta daina shiga cikin 'yan'uwanta. Gwaggonta ta ce aljani ne ya shige ta ta hanyar kiɗan, don haka a ƙwace wayar a kai ta masid, wato zauren malamai da ake kai marasa lafiya, wurin wani faki (malami). Shin waƙar da mutum ya fi so tana nuna abin da ke ransa ne, ko kuwa ita ce take jawo ciwon? Daga wata uwa, Gadarif.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba ta lafiya, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina.

Waƙar da mutum ya maƙale wa tana faɗin wani abu game da shi, amma ba ta isa a yanke hukunci da ita ba. Masana halayyar ɗan'adam Rentfrow da Gosling sun yi bincike a Amurka a 2003, inda suka sami dangantaka tsakanin irin kiɗan da mutum yake so da ɗabi'unsa, sai dai dangantakar ba ta da ƙarfin da likita zai ɗora magani a kanta. Abin da ya fi tabbata shi ne mutum ya fi shaƙuwa da waƙoƙin da ya ji yana tashen samartaka ko 'yanmatanci, shi ya sa za ki ga tsohuwa a Kasala ta ajiye abin da take yi idan aka sako muryar mawaƙiya A'isha al-Falatiya, wadda ta rasu tun 1974. Lafiyayyen mutum yakan nemi waƙar baƙin ciki da kansa, ya yi kukansa, ya tashi zuciyarsa ta yi sauƙi. Abin da muke dubawa shi ne halin da mutum yake ciki bayan waƙar ta ƙare. Masu bincike Garrido da Schubert a Ostireliya sun nuna cewa masu yawan saƙa da warwara a kan abu guda sukan ƙara shiga ƙunci bayan sauraron irin waɗannan waƙoƙi, alhali su a ganinsu sauƙi suke samu.

Alamomin da kika lissafa, wato ƙin abinci, rashin barci da janye jiki daga mutane, idan sun wuce mako 2 a jere muna zargin ciwon damuwa mai tsanani, to balle wata 3 ga yarinyar da ta rasa gida da makaranta da ƙawaye a lokaci ɗaya. Waƙar rabuwa ta same ta ne a cikin ciwon, ta riƙe ta domin tana faɗa mata abin da bakinta ya kasa furtawa.

Maganar gwaggo kuwa ita ce abin da nake fama da shi kullum a ɗakin duba marasa lafiya, kuma na gaji da ganin ɓarnar da take yi. An bar jaki ana dukan taiki. Da zarar an ce aljani ne ya biyo kiɗa, sai a daina tambayar yarinya abin da ke damunta, domin a zaton mutane ba ita ce ke magana ba. A ƙwace wayar da ita kaɗai ta rage mata ta jin muryar ƙawayenta da suka warwatsu zuwa Masar da Bur Sudan, sannan idan ta ƙara yin shiru a ce ai ga shi ta natsu. An taɓa kawo mini wata budurwa daga irin wannan wuri da shatar bulala a gadon bayanta da zoben tabon mari a idon sawunta, ta rame har ƙashin wuyanta ya fito saboda an hana ta nama da mai wai don a raunana aljanin. Da na tambaye ta me ya sa ta amsa cewa aljanin ya fita, sai ta ce ta lura duk sanda ta faɗi haka ake daina dukanta. Iyayenta sun sayar da buhunan riɗi sun biya kuɗin wannan aiki, suka dawo da ita da ciwo biyu maimakon ɗaya.

Kada a ce ina yaƙi da addu'a. A yi mata ruƙiyya a gida da bakin mahaifinta ko naki, a karanta mata Alƙur'ani, babu abin da zai hana a haɗa wannan da asibiti. Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a Sudan, wanda asibitin Omdurman yake ɗauke da sunansa, ya yi aiki tare da shehunai bai raina su ba, kuma har yau akwai malamai masu tsoron Allah da suke cewa a wuce asibiti idan sun ga abin ya fi ƙarfinsu. Abu Zaid al-Balkhi, masani Musulmi wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya rubuta a kan baƙin cikin da aka san sanadinsa da wanda yake taso wa mutum ba tare da sanadi bayyananne ba, ya kuma ɗauke su a matsayin ciwon da ake yi wa magani. Wanda nake faɗa da shi shi ne mai bulala da mari da farashi, wanda bai taɓa tambayar mara lafiya ko tana tunanin kashe kanta ba. Hukuncin kiɗa a shari'a na malamai ne, ni dai na san hana sauraro bai taɓa warkar da wannan ciwo ba.

Ki zauna da ita ku biyu, ba gwaggo ba kowa, ki ce ta sa miki waƙar ki ji, sannan ki tambaye ta wane baiti ne ya fi taɓa ta. Idan baitin na kewar gida ne ko na wanda aka rabu da shi, ƙofar hira ta buɗe. Idan kuwa na mutuwa ne, ko na cewa ta zama kaya a wuyan mutane, ki tambaye ta kai tsaye ko ta taɓa tunanin halaka kanta, domin wannan tambaya ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ne suke kashe kansu duk shekara, kuma kaso mai yawa ta hanyar shan maganin ƙwari ne. Gadarif garin noma ne, saboda haka tun yau a kwashe maganin feshi da ƙwayoyin magani daga inda hannunta zai kai, a kulle su.

A cikin makon nan ki kai ta asibiti, ko da likitan da za ku samu ba na ƙwaƙwalwa ba ne, ki faɗa masa duk abin da kika rubuto mini, a kuma duba jininta da maƙoƙo, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo sukan kawo irin wannan kasala. Idan aka ɗora ta a kan magani irin su fluoxetine, yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara ganin canji, kuma a makonnin farko ne ake so a fi sa ido a kan wadda ba ta kai shekara 25 ba. Kada a dakatar da shi don an ga ta fara dariya, sai likitan da ya rubuta ya ce a daina.