Madubin Ado Daga Kayan Da Aka Yar: Ina Ribar Take?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina sayar da kayan kicin a Agege. A watan jiya na tattara tsofaffin cokulan roba, da fasassun faifan CD, da ƙyallayen atamfa daga wajen telan da ke maƙwabtaka da shagona, na ƙawata gefen madubi uku da su, kuma duk an saye a kan ₦15,000 kowanne. Nan da mako biyu zan ɗauki adashi na ₦200,000. Tunda kayan aikin kyauta nake samunsu, in zuba kuɗin gaba ɗaya a wannan sana'a?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya sa albarka a wannan basira. Sai dai kalmar "kyauta" da kika ambata ita ce na fi jin tsoro a cikin wasiƙarki, domin cokali da faifan CD da ƙyalle ne kawai kika samu a banza, alhali su ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da madubin ya ci.

Bari mu yi lissafi da alƙaluman misali, ke kuma ki musanya su da farashin da kika biya. A ce mai yankan gilashi ya yanko miki madubi a kan ₦6,000, katakon da za a manna shi a kai ₦2,500, gam da fenti ₦2,000, maƙalin rataye ₦500, kuɗin mota ₦1,500, sannan kwalin naɗewa ₦1,000. An tashi ₦13,500 ke nan tun ba a zo kan wuni gudan da kika yi kina wanke cokula, kina gutsure musu mariƙi, kina jera su ɗaya bayan ɗaya ba. Idan kika yi wa wannan wuni kuɗi ₦5,000, ya zama ₦18,500. Kuma gilashi kayan fashewa ne, musamman a garin da ake cusa kaya a bayan danfo, motar bas ɗin haya ta Legas, saboda haka mai hankali yana ƙara kashi ɗaya cikin goma don asarar hanya. Kin ga an haura ₦20,000. In dai lissafinki ya yi kusa da wannan, to, madubi ukun nan ba riba kika ci a kansu ba, ladan aikinki kika bayar sadaka. Ba laifi ba ne ga mai gwaji, amma idan aka yi haka sau talatin da kuɗin adashi, uwar kuɗi ce za ta tafi.

Abu na biyu shi ne Legas kanta. Aikin da zai shekara goma a bango a Kano yana iya lalacewa a damina ɗaya a nan, saboda laimar iska. Mutane da yawa suna yin bayan madubi da kwali don araha, kuma kwali yana shan danshi ya kumbura, ya lanƙwashe, har furannin cokulan su fara zubowa ɗaya-ɗaya. Gam ɗin kyandir da ake narkarwa da 'yar bindiga yana da saurin kamawa, amma ba ya riƙe roba mai santsi da kyau sai an ɗan goge ta da sanfefa, kuma sam bai dace a dogara da shi wajen ɗaukar nauyin gilashi ba. Murabba'in mita ɗaya na gilashi mai kaurin milimita 4 kilo 10 ne, wato madubi mai da'ira wanda faɗinsa ya kai santimita 60 yana kusan kilo 3 kafin a ɗora masa ado. Wannan nauyi in ya faɗo a ɗakin da yara ke wasa, magana ta wuce ta maida kuɗi. Ki yi bayan da falankin katako, ki shafe shi da fenti ciki da waje, ki ɗaure maƙalin da kusoshi masu murɗi. Wajen manna madubin kuwa, ki nemi gam ɗin da aka yi don madubi, ki guji silikon mai warin tsami, domin yana cin rufin bayan gilashin har baƙaƙen tabo su fito ta fuska bayan 'yan watanni.

Kin yi sa'ar wuri, domin masu sayar da alminiyam da gilashi na Dopemu suna kusa da ke, kuma ana samun falanki a kasuwar katako ta Amu da ke Mushin. Ki tambayi masu yankan gilashi ragowar da ke saura bayan sun yanka manyan faranti. Sau da yawa sukan sallama da sauƙi, kuma ƙananan madubai uku da aka jera tare sukan fi babba guda kyau a falo.

Kada kuma ki gina sana'ar a kan cokali. Tun ranar 1 ga Yulin 2025 gwamnatin jihar Legas ta fara aiwatar da haramcin wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar, ciki har da cokulan roba, bayan ta hana mazubin abinci na soso a farkon 2024. Ƙyallen atamfa da leshi, da tsinken tsintsiya, da igiyar buhu, da murafun kwalba, da guntayen katako daga wajen kafinta, waɗannan ba za su yanke ba. Wahalar ita ce samun iri ɗaya da yawa, domin ranar da mai shagon kitso za ta ce tana son shida masu kama ɗaya, tsince-tsince ba zai fisshe ki ba. Ki shirya da tela ɗaya da ɗan bola ɗaya su riƙa ware miki, kina ba su ɗan abin hasafi, kuma duk abin da ya fito daga bola a wanke shi da ruwan zafi da sabulu, a shanya sosai kafin ya shiga shago.

Game da masu saye, kina da abin da wasu ba su da shi: iyayen amare suna zuwa wajenki sayen kayan jere. Su ne kasuwarki ta farko, sai masu kitso da lalle da shagunan aski. A wajensu kayan ado kike sayarwa, kuma gogewar aikin ce za ta yi ciniki. Masu ziyartar kasuwar kayan fasaha ta Lekki kuwa, labarin cewa daga shara aka ƙera shi ne ke burge su, amma wannan hanya ce mai nisa daga Agege, a bar ta tukuna.

Shawarata ita ce ki ware ₦60,000 kacal, ki yi samfuri huɗu masu girma daban-daban, ki rataye su a shago, ki ɗauki hotonsu da hasken rana ki sa a WhatsApp. Duk mai so ya ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, da shi za ki sayo gilashinsa. Ki buɗe littafi dabam da na kayan kicin, kina rubuta har kuɗin Keke Napep. Sauran ₦140,000 su koma cikin tukwane da kulolin da kika riga kika san tafiyarsu. Bayan wata uku, idan kin sayar da goma a farashin da ya biya kaya da wuninki, kuma babu wanda aka dawo miki da shi, ki sake rubuto mini mu yi maganar ɗaukar yarinyar da za ta taya ki jera.