Jami'ar Koyon Aikin Lafiya: Abin Dubawa Kafin A Cike JAMB

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata ta gama sakandare bana, likita take son zama. Mun rasa wadda za mu ɗauka tsakanin ABU ta nan gida da sababbin jami'o'in kimiyyar lafiya. Na karanta manufofinsu, duk bakinsu ɗaya: horar da ƙwararru, bincike, hidimar al'umma. Yaya zan tantance? Daga wani uba, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya yi mata albarka. Manufa a takarda kowa na iya tsarawa, sai an taɓa ake sanin ta gaske.

Jami'ar da ta ce horar da ƙwararru ta sa a gaba, nemi shaidarta a wuri biyu. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ce ke amincewa da digiri, amma lasisin aikin likita a hannun hukumar kula da likitoci, MDCN, yake. Iyaye da yawa a nan suke tuntuɓe: sun ga sunan NUC, sai hankalinsu ya kwanta. MDCN tana ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta. Idan makaranta ta zarce adadin, ko amincewar ba ta kai matakin shiga asibiti ba, sai yaro ya ci jarrabawa amma ya maƙale, shekara shida ta zama takwas, ko ya gama a rasa ranar rantsuwar zama likita. Saboda haka duba jerin makarantun da MDCN ta amince da su da idonka, kada ka tsaya ga "ana nan ana ƙoƙari".

Sai asibitin koyarwa, wanda a ganinmu shi ne zuciyar lamarin. ABU, wadda aka kafa a 1962, tana da asibitin koyarwa a Shika, kuma majinyata daga jihohi da dama suke zuwa. Ɗalibi yakan tsaya bayan babban likita lokacin zagayen safe, ya ji ƙirjin yaro mai sikila, ya ga mai jijjigar haihuwa da idonsa. Illarta cunkoso da tsananin gasa wajen shiga. Sababbi, irin ta tarayya da ke Azare da aka kafa a 2021, lafiya kaɗai suka sa a gaba, kuma wannan abin yabo ne. Sai dai ka tambaya: wane asibiti ɗalibai ke zuwa, likitoci manya nawa ne na dindindin, nawa ne 'yan aro? Ɗaliban aji huɗu za su faɗa maka gaskiyar da ofishi ba zai faɗa ba.

Hidimar al'umma kuwa, tambayi ƙauyen da ake tura ɗalibai aikin lafiyar karkara, da makonni nawa suke yi.

Kar a manta, 'yarka tana buƙatar kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fiziks.

Tambaya: Ɗana ya samu gurbi. In sayi abin sauraren ƙirji na Littmann yanzu? Daga wata uwa, Samaru.

Amsa: Hajiya, adana kuɗinki. Aji ɗaya kimiyyar share fage ce zalla, aji biyu da uku kuma ɗakin nazarin gawa da ɗakin gwaji. Farar riga, safar hannu da kayan fiɗa sun ishe shi. Idan ya haye jarrabawar da ke kai shi asibiti, mai matsakaicin farashi ma zai yi, don jabun Littmann sun cika kasuwa.