Jarina Yana Narkewa, Shin Tawakkali Ya Wadatar?

Wani mai shagon kayan masarufi a Kano ya aiko da tambaya. Ya ce ciniki bai tsaya ba, amma kayan shagonsa kullum raguwa suke yi, maƙwabta suna ɗaukar kaya bashi shi kuma yana jin nauyin tambayarsu, don haka ya bar wa Allah komai. Yanzu an yi masa tayin rance mai ruwa, yana so ya san ko ya ƙi karɓa ya ci gaba da dogaro ga Allah.

Malam, Allah ya yaye maka wannan ƙunci. Ka ƙi rancen, domin bayan haramcinsa, kuɗin ruwa a shagon da jarinsa ke zurarewa gaggauta karyewa kawai zai yi. Sai dai ina jin tsoron kada abin da kake kira tawakkali ya zama gudun duba littafin lissafin shagonka. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Sayyidina Umar, Manzon Allah (SAW) ya ce da muna dogaro ga Allah yadda ya kamata, da ya azurta mu kamar tsuntsaye, waɗanda ke fita da safe da yunwa su dawo da yamma a ƙoshe. Ka lura cewa fita suke yi. Haka Abdurrahman bin Auf, da ya isa Madina hannu rabbana, Sa'ad bin Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai ya yi masa addu'a ya ce a nuna masa hanyar kasuwa.

Ga inda nake zaton kuɗinka ke tafiya. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yunin shekarar, kuɗin mota da farashin sari suka riƙa hawa, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. A irin wannan yanayi, idan ka sari buhun shinkafa a kan naira 60,000 ka sayar da shi kwano-kwano ka haɗa 66,000, za ka ɗauka ka ci ribar 6,000 har ka yi cefane da ita, alhali kuwa idan ka koma Kasuwar Singa ka tarar buhun ya kai 70,000, asara ka tafka, uwar kuɗi ka ci ba tare da ka sani ba. Saboda haka ka riƙa yanke farashi bisa abin da za ka sake saro kayan da shi, kuma ka riƙa ƙidaya jarinka da yawan buhuna da katan-katan, ba da yawan naira ba.

Ka yanka wa kanka kuɗin cefane na kowane mako, kada hannunka ya wuce shi, ko da baƙi ne suka sauka.

Batun bashi shi ya fi damuna, domin na san tausayi ne ya kai ka. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi idan an ƙulla shi zuwa wani lokaci sananne, don haka babu abin kunya a buɗe littafi a gaban maƙwabci. Wanda ka san ba shi da halin biya, ka ba shi abin da za ka iya sadaka don Allah ka cire rai, ba ka kira shi bashi kana ƙirga shi cikin jari ba. Mai hali kuwa ka sa masa rana.

Idan bayan wata uku na wannan lissafi ka ga lallai sai an ƙara jari, ka nemi adashi da mutanen da ka yarda da su, ko wani ɗan'uwa ya zuba kuɗi ku raba riba bisa yarjejeniya a rubuce, ko ka tuntuɓi bankin da ba ya mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, ka tambayi sharuɗɗan murabaha, wato banki ya sayi kaya ya sayar maka da ribar da kuka amince a kai, kafin ka sa hannu.