Sabuwar mota kuma da kilomita a malejinta?

Tambaya: Malam, na karɓi mota sabuwa dal, ko ledar kujerunta ba a cire ba, amma maleji ya nuna kilomita 14. Dila ya ce ba komai. Ko dai tuƙo ta aka yi daga masana'anta?

Amsa: Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, dila ya yi gaskiya. Da tuƙo ta aka yi, ɗaruruwan kilomita za ka tarar. Abin da ka gani na gwaji ne a masana'anta, da kai ta filin ajiya, da hawa da sauka daga tarago da tirela. Sauran tafiyar duk goya ta aka yi.

Tafiya mai nisa aikin jirgin ƙasa ce. A Amurka, kusan kashi 75 cikin 100 na sababbin motocin da ake saya sai sun hau jirgin ƙasa kafin su kai ga mai su. Taragon bene ne: mai hawa uku na ƙananan motoci, mai hawa biyu na manya. Ana jera taragu a haɗa su da farantan ƙarfe, direba ya shiga ta baya, ya yi ta bin ciki a hankali har ya kai na gaba, sannan a tokare tayoyi. Da can taragun a buɗe suke, sai masu jifa da duwatsu da ɓarayin kayan mota suka sa aka rufe su ruf.

Wajen neman ragin kuɗin dako har an taɓa wuce gona da iri, a ganina. A farkon shekarun 1970 kamfanin General Motors ya riƙa loda motarsa Chevrolet Vega a tsaye, kai ƙasa, guda 30 a tarago ɗaya. Sai da aka sake fasalin batir da wasu sassan injin don kada ruwa da mai su zube.

Layin dogo ba ya zuwa ƙofar dila, don haka tirela ke ƙarasawa, da mota takwas zuwa goma. Direban kan loda wadda za a fara saukewa a ƙarshe, ya ɗaure kowace taya, ya kuma auna tsayin lodin saboda gadoji.

Ni da kai ne, ba maleji zan tsaya dubawa ba. Leƙa rufin motar da ƙasan bamba, nan ake gogewa wajen hawa da sauka. Shafa fentin da tafin hannu: in ka ji kaushi, ko ka ga ɗigon tsatsa, musamman a farar mota, ƙurar ƙarfe ce daga layin dogo, kuma tana fita. Wasu motocin ana cusa musu roba a sifirin don tafiyar. In an manta da ita, za ka ji motar tana dukan ka a kowane rami. Ka sa dila ya duba a gabanka kafin ka sa hannu a takardar karɓa.