Tsohon Keken Tsere a Hanyar Burji: Wane Wili da Wace Taya Za Su Dace?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim. Na gaji keke a wurin kawuna, Raleigh ne na ƙarfe mai lanƙwasasshen kai irin na 'yan tsere, mai giya goma. Firam ɗin lafiyarsa ƙalau, amma wilin gaba da na baya sun yi tsatsa, tayoyin kuma sun tsattsage. A jikin tsohuwar tayar an rubuta 27 x 1¼. Na je kasuwar Gujungu ban samu irinta ba, aka ba ni mai lamba 28 x 1½ aka ce za ta yi. Ta shiga ba wahala, amma ana cikin ba ta iska ta fice daga wilin, tiyub ya fashe. Yanzu mai gyaran garinmu ya ce in zubar da wilin in sayi na gwanjo mai lamba 700C. Hanyata zuwa makaranta rabi kwalta ce, rabi burji da yashi, ga ƙaya. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kawu, ya kai haske kabarinsa. Malam, kada ka zubar da komai tukuna, kuma ka gode wa Allah da tayar nan ta fice a hannun mai famfo, ba kana gangara a kan kwalta ba.

Lambar inci da ake rubutawa baro-baro a jikin taya ba abin dogara ba ce. Ka ɗauko tsohuwar tayarka ka goge gefenta, mai yiwuwa ka ga wasu ƙananan lambobi biyu da ɗan layi a tsakaninsu, kamar 32-630. Ta farko faɗin tayar ne a milimita. Ta biyu kuma girman da'irar wilin ne daidai inda leɓen taya yake zama, kuma ita ce ke yanke hukunci. Wilinka 630 ne. Tayar da aka sayar maka 635 ce, ta babban baƙin keken nan mai birkin sanda irin Phoenix da Raleigh na dattawa, wanda ake ɗora wa buhu. Ta fi wilinka da milimita 5, ta zauna masa kamar hular da ta fi kai girma, shi ya sa iska na shiga ta tunkuɗe ta waje. Shi kuwa 700C da mai gyara yake magana 622 ne. Abin da ke ƙara rikita mutane, wasu kamfanonin Turai suna rubuta 28 a jikin tayar 622 ɗin ma. Ka ga ke nan akwai 28 da ta fi wilinka girma, akwai 28 da ba za ta ma hau shi ba ko da an sa mata ƙarfe, sai dai a tsinke wayar leɓenta. Daga yau ka rubuta 630 a takarda ka sa a aljihu, da ita za ka riƙa ciniki.

Sai maganar wilin kansa. Ka kara masa maganaɗisu. Idan ya kama, ƙarfe ne da aka yi wa farin shafe, irin wanda aka saba sa wa kekunan tsere masu sauƙin kuɗi a shekarun 1970. A nan na yarda da mai gyaranku, wannan da'irar ta gama aikinta. Ba don tsatsa kaɗai ba. Wilin ƙarfe idan ya jiƙe, robar birki sulɓewa take yi a kansa, kana matsawa keke na tafiya. Wanda zai riƙa fita makaranta da sassafe a watan Agusta bai kamata ya hau irinsa ba. Na alminiyam ya fi kama birki nesa ba kusa ba, ga shi ba nauyi, ba ya tsatsa.

Amma wili ba abu ɗaya ba ne. Akwai da'irar, akwai sifok, akwai kuma cibiyar da boris ke ciki. Cibiyoyin tsofaffin kekunan nan sau da yawa sun fi na sabbin wili masu araha ƙarko. Ka sa a kwance su a wanke da kananzir. Idan hanyar da boris ke bi sumul take, babu rami babu zaizaya, kuma sandar tsakiya ba ta lanƙwashe ba, to a zuba sabbin boris da giris a mayar. Ta baya yawanci tana cin boris 9 a kowane gefe, ta gaba 10 ƙanana. Cibiya mai lafiya ita ce ke buɗe maka hanya mafi sauƙi, wadda na ga mutane da yawa ba su lura da ita ba.

Kekunan gwanjo 'yan Japan, masu kwando a gaba, da suka cika Kano da garuruwan Jigawa, galibi iri biyu ne. Ƙananan suna da taya 26 x 1⅜, wato 590, ba ruwanka da su. Manyan kuwa tayarsu 27 x 1⅜ ce, kuma idan ka duba ƙananan lambobin za ka ga 37-630. Girmansu ɗaya da wilinka. Saboda haka duk inda ake sayar da kayan keke ɗan Japan, ka tambayi tayar 27 ɗinsa, ka tabbatar da 630 da idonka. Za ka iya kuma sayen da'irar alminiyam ta irin wannan keken, mai gyara ya saƙa ta a kan tsohuwar cibiyarka da sabbin sifok. Kafin ka biya, ka ƙirga ramukan cibiyarka da na da'irar. Galibi 36 ne, amma wasu tsofaffin kekunan Ingila suna da 32 a gaba da 40 a baya, kuma dole lissafin ya zo ɗaya. Kada ka ɗauko wilin ɗan Japan ɗungurungum ka ce za ka cusa, domin cibiyarsa ta baya an yi ta ne don wani irin birki daban. Da'irar kawai kake so. Idan ka bi wannan hanyar, birkinka yana nan inda yake, giyarka goma suna nan, kacarka ma ba ta canza ba.

Shawarar mai gyaranku ta komawa 700C ita ma ba banza ba ce. Tun a shekarun 1980 masu ƙera kekunan tsere suka bar 630 suka koma 622, don haka a duniya yau tayoyin 622 sun fi yawa, sun fi iri-iri. Sai dai kada ka miƙa kuɗi sai an gwada wilin a jikin kekenka, a gabanka.

Abin dubawa na farko birki ne. Wilin 622 ya gaza naka da milimita 8, ma'ana bakinsa zai sauka da milimita 4. Dole robar birki ta iya sauka ta same shi. Ka duba tsagar da robar ke zamewa a ciki, idan da sauran wuri a ƙasa, shi ke nan. Birkin da waya ke jansa ta tsakiya, irin Weinmann ko Dia-Compe da ake samu a irin kekenka, yawanci yana kaiwa, amma na baya ya fi ba da matsala. Idan robar ta tsaya tana shafar gefen taya ko da kaɗan ne, kada ka yarda a ce maka za ta yi. Za ta ci gefen tayar har ta fashe.

Na biyu, ratar da ke tsakanin ƙafafun firam na baya. Keke mai jerin haƙoran kaca biyar a baya irin naka ratarsa galibi milimita 120 ce. Masu shida da bakwai 126, na zamani masu takwas zuwa sama 130. A nan ne firam ɗin ƙarfe yake nuna darajarsa, domin ana iya buɗa shi a hankali ya zauna a sabuwar rata ba tare da ya lalace ba, abin da ba a yi wa firam ɗin alminiyam. To amma aiki ne na mai haƙuri. Kowane gefe a buɗa shi daidai da ɗan'uwansa, a ɗaura zare daga ƙafar baya ta hagu a zagayo ta wuyan keke zuwa ta dama, a auna nisan zaren da bututun sirdi ta kowane ɓangare. Idan aka buɗa gefe ɗaya kawai, keke zai riƙa tafiya a karkace har abada. Daga 120 zuwa 126 ba wani abu ba ne. Zuwa 130 kuwa ina so a ce hannun da ya saba ne ya yi.

Na uku, haƙoran baya. Naka irin wanda ake ɗaurawa da zare ne a jikin cibiya. Wilin zamani da yawa haƙoransu zura su ake yi a kan wani bututu mai tsaga, kuma ɗaya ba ya hawa wurin ɗaya. Idan wilin gwanjon ya zo da haƙoransa shida ko bakwai, hannun giyarka na jikin firam, wanda ba ya ƙirga mataki, zai iya aiki da su bayan an ɗan daidaita. Ka dai sa sabuwar kaca siririya ta keken giya. Kacar baƙin keke ta yi kauri.

Idan ka tambaye ni wanne zan zaɓa a matsayinka, zan ce ka fara zaga kasuwar da kake ci duk mako ka ga wace taya ce a rataye. Malamin da ke da aji da ƙarfe takwas ba zai jira sai wani ya je Sabon Gari a Kano ya sayo masa taya ba. Idan 630 na samuwa a kusa, ka tsaya a kanta, ta fi araha kuma ba a taɓa firam. Abu ɗaya ne zai sa in tura ka ga 622, shi ne idan tayar 37 ta ƙi samun wuri a ƙarƙashin birki, domin saukar nan ta milimita 4 tana ƙara maka fili.

Faɗin taya shi ne abin da zai fi canza maka tafiya, fiye da duk abin da na lissafa a sama. Wilin 700C na gwanjo sukan zo da siraran tayoyi masu faɗin 23 ko 25. Suna da kyan gani, amma an yi su ne don titin da ba rami. A burji za su girgiza ka har ƙashi, a yashi su nutse, idan kuma ka daki dutse tiyub ya matse tsakaninsa da bakin wili ya huje wuri biyu a jere. Ka sa mafi faɗin da firam zai ɗauka, daga 32 zuwa 37. Bayan an ba ta iska, ka tabbata akwai ratar aƙalla milimita 4 ta kowane gefe da kuma sama, musamman tsakanin ƙafafun baya kusa da feda, inda wuri ya fi matsewa. Ratar nan ta taɓon damina ce, da ranar da sifok ɗaya zai tsinke wili ya ɗan karkace. Ba ka bukatar taya mai manyan ƙusoshi irin ta keken hawan dutse, mai ɗan zane matsakaici ta wadatar. Kuma in gaya maka gaskiya, babu tayar da za ta shiga wannan firam ɗin ta ratsa zurfin yashi irin na jigawa a tsakiyar rani. Inda ya yi zurfi ka sauka ka tura, ya fi ka karya sifok.

Ƙaya kuwa, babban abokin gabarka tsidau ne, mai kwanciya a gefen hanya, sai ta aduwa da bagaruwa da iska ke jefowa. Akwai tayoyin da aka saka musu ɗamarar kariya a ƙarƙashin roba, irin Schwalbe Marathon, wadda ake yi a 622 da 630 duka. Suna da tsada, amma idan ka ci karo da ita a kayan gwanjo da sauran jikinta, ka saya. Idan ba ka samu ba, Kenda ko CST mai kaurin tsakiya ta yi. Dabarar da masu gyara ke yi ta shimfiɗa tsohuwar taya a cikin sabuwa tana aiki, in dai an yanke wayar leɓenta, an goge bakin yankan ya yi laushi, an barbaɗa hoda, in ba haka ba bakin ne zai goge tiyub. Tana dai ƙara nauyi, kuma a tayar baya aka fi bukatarta. Lokacin saye ka lanƙwasa gefen tayar da yatsa. Idan ka ga ƙananan tsaga, ta daɗe a rana, ko da ba a taɓa hawanta ba.

Ka kuma shafa cikin bakin da'irar da za ka saya. Na zamani suna da ɗan ƙugiya da ke riƙe leɓen taya. Tsofaffi da yawa bakinsu miƙe yake. Idan miƙaƙƙe ne, ka sa taya mai wayar ƙarfe a leɓe, ban da wadda ake naɗewa, kuma kada iska ta wuce 70 a ma'aunin psi ko da an rubuta fiye da haka a jikin tayar. Ga mutum mai nauyin kilo 65 zuwa 75 a kan taya mai faɗin 32 zuwa 37, wajen 55 zuwa 60 a baya da 50 a gaba ya isa. Taya mai tauri kamar dutse ba ta fi gudu a burji, tsalle kawai take yi. Ka yi hattara da injin mai facin mota, cikin ƙiftawar ido yake wuce iyaka, kuma kada ka jingine keke a rana tsaka a watan Afrilu alhali tayar cike take tam.

Bawul iri uku ne za ka gamu da su: mai kauri irin na mota da babur, siriri mai ɗan murfin juyawa da ke zuwa da wilin tsere, da irin na baƙin keke da ɗan Japan. Ka zaɓi wanda famfon garinku ke ɗauka. Idan wilin mai siririn rami ne kuma da'irar tana da faɗi, ana iya buɗa ramin zuwa milimita 8.5 ya ɗauki na mota, a goge bakin kada ya yanki tiyub. Kada kuma a manta da ɗamarar da ke rufe kawunan sifok a cikin wili. Faci da yawa da ake ɗora wa ƙaya laifinsa daga nan yake fitowa, kuma za ka gane shi idan hujin yana ta cikin tiyub, ɓangaren da ke kallon wili.

Duk wilin da ka ɗaura, ka canza robar birki gaba da baya. Tsohuwar ta bushe, kuma akwai ɓurɓushin tsatsa a jikinta da zai kankare alminiyam. Bayan mako biyu kana hawa, ka mayar wa mai gyara ya sake ɗaure sifok ya daidaita wilin, domin sabon saƙi yakan saki a kwanakin farko, musamman a kan burji. Allah ya tsare hanya.