Amsa: Plugin ɗina na Pidgin ya haɗu amma ba ya fitar da saƙon debug

Ɗan'uwa, tunda ka ce ka sa printf a cikin plugin_load, aikin da ke gudana idan an loda plugin ɗin, kuma ba ka ga komai ba, daga nan matsalar take. Pidgin, manhajar nan ta hira, na da tasa hanyar ta fitar da saƙon debug, wato saƙon bin diddigin matsala. Sa debug.h a saman fayil ɗinka da #include, sannan ka rubuta purple_debug_info("gwaji", "an loda ni\n"). Kalmar farko ita ce rukunin saƙon, da ita za ka tace naka daga ɗaruruwan layukan da libpurple, laburaren da Pidgin ke aiki a kansa, ke zubowa. Kada ka manta da \n ɗin nan na ƙarshe.

Saƙon zai fito a Debug Window da ke ƙarƙashin Help, amma sai ka buɗe tagar kafin ka kunna plugin ɗin, don ba ta nuna abin da ya riga ya wuce. Ni dai na fi son tada Pidgin daga tamina (terminal) da pidgin -d, komai na zuba a gabanka tun daga farko.

Idan har yanzu shiru, duba ko fayil ɗin .so na plugin ɗin yana cikin ~/.purple/plugins, kuma ka rubuta #define PURPLE_PLUGINS kafin kowane #include. Wajen gwaji kuwa, yi amfani da pidgin -c da wata folda daban, kada ka taɓa asusunka na gaske.