Tambayoyinku kan fasaha: Mutum ɗari biyu na kallon kayana, ba mai cewa nawa ne

Saƙonnin da suka shigo mini a wannan makon kusan duk na 'yan kasuwa ne, wataƙila don Sallah ta matso, kowa na neman hanyar da zai fitar da kaya. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani wasu ma. Masu tambaya kan waya mai zafi da batir mai saurin mutuwa ku yi mini haƙuri, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sana'ar turaren wuta da humra a gida, nan Ƙofar Ƙaura. Kullum sai na ɗora hotunan kaya a sitatus na WhatsApp, wata rana har talatin ko arba'in. Masu kallo sun kai ɗari biyu, amma sai in kwana huɗu ba wadda ta ce nawa ne. Ko akwai manhajar da ke ƙara masu kallo?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa sana'a albarka. Babu irin wannan manhajar, duk wanda ya ce miki yana da ita ko kuɗinki yake so ko lambarki. Sitatus ba ya isa ga kowa sai wanda kika ajiye lambarsa, shi ma kuma ya ajiye taki. To ki duba sunayen mutum ɗari biyun nan. Dangi ne, da maƙwabta, da waɗanda kuka yi makaranta tare, da matan da kuka haɗu a guruf ɗin wani biki. Su ne jiya, su ne yau, su ne gobe. Wadda ta sayi kwalbar humra yau kuwa ba za ta sake nema ba sai ta ƙare. Ba kayanki ne ba su da kyau ba, kasuwar ce ƙarama, kuma kin riga kin zagaye ta.

Sai maganar hoto arba'in. Gobe ki gwada wani abu: ki kalli adadin waɗanda suka ga hoto na farko, sannan ki kalli na ƙarshe. Za ki ga yadda aka zube a hanya. Idan mutum ya buɗe sitatus ya ga layukan nan na sama sun zama ɗige-ɗige kamar an watsa gero, wucewa yake yi, wani ma ya rufe naki gaba ɗaya don kada ya cinye masa data, kuma WhatsApp ba zai gaya miki an rufe ki ba. Hoto uku zuwa biyar a rana sun isa.

Ki rubuta farashi a jikin kowane hoto. Wannan al'adar ta "mai so ta yi magana ta ciki" tana korar masu saye fiye da yadda ake tsammani. Kin san halin matanmu da kunya. Mace na son abu, amma tana tsoron ta tambaya a faɗa mata kuɗin da ba ta da shi, ta rasa yadda za ta janye, musamman in ta san ki. Sai ta haƙura. In ta ga an rubuta dubu uku, ita za ta yi lissafinta a ɗaki, ranar da ta haɗa ta turo.

Ƙanwata tana sayar da atamfa, na taɓa zama na ga yadda take ɗaukar hoto: da daddare, a kan gado, ƙarƙashin farin ƙwan lantarki, zanin gadon ma ya fi atamfar kwalliya. Washegari da hantsi muka shimfiɗa farin yadi a inuwar tsakar gida, ta goge idon kyamarar da gefen mayafinta, muka ɗauka. Waya ɗaya ce, amma ita kanta sai da ta ce kamar ba kayanta ba. Ke naki ya fi wuya, domin ƙamshi kike sayarwa, kyamara kuwa ba ta ɗaukar ƙamshi. Ɗan gajeren bidiyo na kasko da garwashi, hayaƙi na tashi, kina faɗin abin da kika haɗa da shi, ya fi hoton kwalba goma a jere. Amma abin da zai kawo miki sababbin mutane ba a waya yake ba. Ki ɗura ɗan kaɗan a ƙananan kwalabe, ki liƙa lambarki a jiki, ki tafi da su gidan biki da suna. Duk wadda ta shafa ta ji, ita za ta nemi lambar da kanta, kuma da zarar kun ajiye lambar juna ta shiga cikin masu ganin sitatus ɗinki. Wadda ta saya ta yaba, ki roƙe ta ta ɗora a nata. Mutum ɗari biyunta ba su ne naki ba.

Daga ƙarshe, ki koma WhatsApp Business. Kyauta ne, tun 2018 aka fito da shi don masu ƙananan sana'o'i. Yana da kundin kaya da zai ɗauki har kaya 500, kowanne da hotonsa da farashinsa, ba ya gogewa bayan awa 24 kamar sitatus. Yana da wurin ajiye amsoshin da kike yawan maimaitawa, irin lambar asusu da kwatancen gida, kuma za ki iya yi wa hirarraki alama: wannan ta biya, wannan ana bin ta bashi. Lamba ɗaya ba ta aiki a manhajojin biyu lokaci guda, don haka ko ki mayar da wadda kike da ita, bayan kin adana hirarrakinki, ko ki ware wa sana'ar nata layin. Ni na fi son na biyun.

Tambaya: Yallaɓai, ina da shagon takalma a Babbar Kasuwar Katsina. Na biya Facebook naira dubu biyar ya tallata mini hoto. Na samu laik sama da ɗari huɗu, amma ko takalmi ɗaya ban sayar ba. Da na duba, rabin mutanen ba ma 'yan Arewa ba ne. An cuce ni ne?

Amsa: Alhaji, ba a cuce ka ba, abin da ka saya aka ba ka. Lokacin da ka danna shuɗin maɓallin nan na tallatawa, Facebook ya tambaye ka abu biyu da nake zaton ka wuce su da sauri: me kake so tallan ya kawo maka, kuma su wa kake so su gani. In ka bar shi a kan neman laik da sharhi, zai je ya nemo mutanen da aka san su da danna laik a kan komai, ko a ina suke. In ka bar wurin a kan Najeriya baki ɗaya, dubu biyar ɗinka za ta watsu daga Fatakwal har Maiduguri.

In za ka sake, ka zaɓi a turo maka saƙo, ka haɗa shafin da lambar WhatsApp ɗin shago, yadda duk wanda ya danna tallan zai faɗo kai tsaye cikin hira da kai. Wajen zaɓen wuri ka sa Katsina, ka ja da'irar ta tsaya iya inda za ka iya kai kaya. Ana iya faɗaɗa ta har kilomita 80, amma me za ka yi da wannan faɗin in ba ka da mai kai saƙo? Ka fara da cikin gari da kewaye, Batagarawa da su Rimi. Daura da Funtuwa ka bari sai ka samu direban da ka yarda da shi a tasha. Ka zaɓi shekaru da jinsi gwargwadon takalmin; in na samari ne, kada ka biya kuɗi a nuna wa tsofaffi. Kuɗin kuma ka raba shi kwana biyar ko bakwai maimakon ka ƙone shi rana ɗaya, ka tuna akwai harajin kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗorawa a kai.

Lissafin da za ka riƙa yi ba na laik ba ne. Mutum nawa suka yi magana, nawa suka saya, ribar ta rufe kuɗin tallan ko ba ta rufe ba? Kuma ka tabbata akwai mai riƙe da wayar. Na sha ganin ɗan kasuwa ya biya talla, mutum ya turo saƙo da azahar, sai bayan isha'i a amsa masa da "akwai". Kafin nan ya saya a wani wuri.

Wani abu da ba a biyan ko sisi: ka sa shagonka a taswirar Google, da hoto da lamba da lokacin buɗewa. Ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da na Al-Qalam da baƙin ma'aikata da yawa ba su san gari ba, waya suke tambaya.

Tambaya: Ni tela ne a Daura. Wani ya ce in ba shi kuɗi ya ƙara mini mabiya dubu goma a Instagram da TikTok. Ya kake gani?

Amsa: Ƙanena, riƙe kuɗinka ka sayi zare. Mabiyan da ake sayarwa asusun bogi ne, ba sa sa kaya ballantana su kawo ɗinki. Sun saɓa wa dokokin manhajojin, ana share su lokaci zuwa lokaci. Suna ma da illa: manhajar tana lura da yadda waɗanda aka nuna wa bidiyonka suka yi da shi, in ta ga dubu goma sun yi shiru sai ta ɗauka abin ba shi da daɗi, ta rage nuna shi. Ka ɗora wayar a kan teburi ka ɗauki hannunka kana fitar da aikin wuyan babbar riga, daga zane har guga. A lokacin Sallar Gani, da mutane ke cika Daura daga ko'ina, ka nemi izinin waɗanda suka sa ɗinkinka ka ɗauke su. Mutum ɗari uku na gaske da suka san inda shagonka yake sun ishe ka aiki har ka rasa lokacin barci.

Tambaya: Malam, ina sayar da kayan kicin. Na samo lambobi daga guruf-guruf ina tura musu talla, sai kawai WhatsApp ya rufe mini layi. Duk kwastomomina suna ciki. Don Allah mi zan yi?

Amsa: Ayya, sannu 'yar'uwa. Abin da ya faru shi ne mutanen da ba su san ki ba sun yi ta toshe ki suna kai ƙara, na'urar ta ɗauke ki a matsayin mai damun jama'a. Idan kuma irin su GB WhatsApp kike amfani da su, wannan kaɗai ya isa a rufe ki, domin ba kamfanin ne ya yi su ba. Ki sauke na ainihi, ki sa lambarki. In saƙon rufewar ya fito akwai wurin neman a sake dubawa. Ki rubuta gajeren bayani cikin ladabi ki jira. Wani lokaci ana buɗewa, wani lokaci ba a buɗewa. Kada ki biya kowa da sunan zai buɗe miki, ba wanda ke da wannan ikon a waje.

Hanyar da aka yarda da ita ta tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa, wadda ake kira "broadcast", tana nan cikin manhajar, tana ɗaukar mutum 256 a jeri guda, sai dai ba ta isa ga kowa sai wanda ya ajiye lambarki. Da gangan aka yi haka. Don haka duk wadda ta sayi kaya ki ce mata, "Hajiya ki ajiye lambata, in sabon kaya ya zo za ki gani."

Maganarki ta cewa duk kwastomomi suna ciki ita ta fi tsaya mini. Mu a nan jihar Katsina mun ga aya: a watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro, aka yi watanni ana haka. A ranar 4 ga Oktoban shekarar kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. Ki sayi littafi mai kauri, ki rubuta sunan kowace mai saye, da lambarta, da unguwarsu, da abin da ta saba saye. Lambobin da ke waya kuma ki ajiye su a asusun Google, ba a kan sim ba.

Tambaya: Wani ya sayi kayan dubu arba'in, ya turo mini hoton rasit, har alat ya shigo. Na ba ɗan acaɓa kaya, daga baya na ga ba kuɗi.

Amsa: Allah ya mayar da alheri. Hoton rasit yaro ma zai iya haɗa shi a waya, saƙon tes kuma ana iya turo shi da suna mai kama da na banki. Shaida ɗaya ce: ka buɗe manhajar bankinka da hannunka, ko OPay ne ko Moniepoint ko wani, ka ga kuɗin ya hau kan abin da ke ciki. In mai saye yana gaggawa, yana cewa motarsa za ta tashi, to a nan ne ma za ka ƙara natsuwa.

Tunda ana maganar 'yan damfara, duk mai sana'a a WhatsApp ya shiga saituna yau ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ya sa lambar sirri mai lambobi shida da adireshin imel. Masu kira su ce za a sa ka a wani taro ko tallafi, ka karanto musu lambobi shida da suka shigo maka, layinka suke son ɗauka su bi kwastomominka suna karɓar kuɗi da sunanka. Wanda abin ya riga ya faru da shi ya sake yin rajista da lambarsa nan take, wannan zai fitar da ɓarawon. In ɓarawon ya riga ya sa tasa lambar sirrin, sai an jira kwana bakwai, kuma a cikin kwanakin nan a kira manyan kwastomomi ɗaya bayan ɗaya a gaya musu kada su tura wa kowa kuɗi.